Garin bitamin na kaji: inda yake tayar da ɗan tsako da inda kuɗin yake tafiya a banza

Duk wanda ya shiga shagon magungunan dabbobi ya ce 'yan tsakinsa sun kasa tsayuwa, abin da ake fara miƙo masa shi ne ƙullin garin bitamin da ake narkawa a ruwan sha. Garin yana da araha, kuma yana aiki, amma a kan wasu nau'o'in ciwon ƙafa kaɗai.

Inda ya fi nuna kansa shi ne ƙarancin bitamin B2. Ɗan tsako mai sati biyu zuwa uku zai zauna a kan gwiwa, yatsunsa sun nannaɗe ciki kamar an dunƙule hannu, in zai je wurin abinci sai ya ja jiki yana dogara fukafukai. An fi ganin haka a gidajen da ake ba su tsakin masara ko gero da dusa zalla. Idan aka fara ba da garin da wuri, cikin kwana biyu zuwa uku yatsun ke fara miƙewa. Idan aka bari ya daɗe, jijiyar ta lalace, ko buhu aka ba shi ba zai warware ba.

A wajen laushin ƙashi kuwa rabin aiki yake yi. Alamar a baki take: a ɗan matsa bakin ɗan tsakon, za a ji yana lanƙwasuwa kamar roba, ga shi ya yi taku biyu ya zube. Bitamin D3 da ke cikin garin yana taimakawa, amma ƙashi na buƙatar kalsiyam da fosforas, su kuma daga abinci suke zuwa. A koma ga abincin 'yan tsaki na buhu, mai kalsiyam kusan kashi 1 cikin 100, a kuma bar su su sha hantsi. Kada a ce za a rama da abincin kaji masu ƙwai: kalsiyam ɗinsa ya kai kashi 3.5 zuwa 4, yana lalata musu ƙoda.

Akwai wuraren da bai kamata mai shago ya sayar da shi da sunan magani ba. Ɗan tsakon da ƙafafunsa suka wage gefe da gefe tun kwanakin farko, santsin jarida ko leda ne ya jawo. A shimfiɗa buntun shinkafa ko diddigar katako, a haɗa ƙafafun da filasta daidai faɗin tsayuwarsa na kwana uku zuwa biyar. Wanda kuma ya wuce sati shida, ƙafa ɗaya ta miƙe gaba ɗaya baya, yana ramewa, a yi zargin cutar Marek. Ƙwayar bairas ce, ba ta da magani, rigakafinta a ranar ƙyanƙyasa ake yi. Haka in wuya na murɗewa, ga koren zawo, ga mutuwa a jere, alamun cutar Newcastle ke nan, a ware su a kira likitan dabbobi.

Kafin a biya kuɗi a juya ƙullin a karanta. A ga B2 da D3 da E a rubuce, da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Wanda garinsa ya dunƙule, danshi ya shiga, kada a saya. Wasu ana gauraya su da maganin kashe ƙwayoyin cuta, waɗannan ba na wannan matsala ba ne. A auna yadda aka rubuta a kowace lita, a dama sabo kowace safiya har kwana biyar, a kuma sa mazubin ruwan a inuwa domin hasken rana yana kashe B2.