Winchester ta 1897 ko Bindigar Toka: Wacce Ta Fi Dacewa a Adana?

Mai sha'awar tara tsofaffin bindigogi a Kebbi yakan rasa wacce zai ɗauka tsakanin waɗannan biyu. Winchester ta 1897, wadda John Browning ya tsara a Amurka, ana ɗura mata harsashi ne ta hanyar jan marikin gaba, kuma wasu daga cikin na farko suna da bututun Damaskas, wato ƙarfe iri biyu da aka murɗe aka ƙera tare har zane mai kama da igiyar ruwa ya fito a jikinsa. Kyawun nan yana tattare da haɗari, domin tsatsa kan ɓuya a mahaɗar ƙarafan, kuma harsashin zamani na iya fasa bututun, saboda haka ajiya kawai ta dace da ita.

Bindigar toka kuwa aikin maƙeranmu ce, gyaranta ba ya wuya, kuma tarihin mafarauta da hawan salla yana tare da ita. A ganina ita ce ta fi cancanta ga mutumin Argungu. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 dai ta wajabta wa Winchester lasisi, ita kuwa bindigar toka buƙatar lasisinta ta danganta ne da umarnin da aka bayar a jiha.