Jirgin Sama ko Jirgin Ƙasa: Amsa ga Ƙaninmu Mai Shirin Fita Turai Shi Kaɗai

Assalamu alaikum. Ƙaninmu da ya yi tambaya a wannan zaure ya ce zai tashi daga Kano zuwa Faris domin wani kwas na 'yan makonni, daga nan ya leƙa yayansa da ke Kolon a Jamus, yana kuma sha'awar ganin Landan, sannan in Allah ya yarda ya biya ta Saudiyya ya yi Umara kafin ya dawo gida. Wannan ce fitarsa ta farko, kuma ba shi da abokin tafiya, shi ya sa yake so a kwatanta masa jirgin sama da jirgin ƙasa don ya san wanda zai fi masa sauƙi. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Ga abin da nake gani, ƙanina.

A zangon farko babu zaɓi. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, amma babu layin dogon da zai fitar da kai daga Najeriya zuwa inda ka nufa, kuma layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 iyakarsa Jamhuriyar Nijar. Saboda haka daga filin jirgin Malam Aminu Kano za ka tashi, kuma galibi sai ka yada zango a Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha kafin ka kama jirgi na biyu. A wurin yada zangon nan ne mai tafiya shi kaɗai yake fara jin kaɗaici, domin babu wanda zai tashe ka idan barci ya kwashe ka a kan kujera, babu kuma wanda zai ankarar da kai cewa an sauya ƙofar da za a shiga jirgi. Agogon Adis Ababa da na Doha suna gaban na Kano da awa 2, kuma lokacin da aka rubuta a katin shiga jirgi na garin da kake ciki ne, don haka kana sauka ka gyara agogonka kafin ka nemi ko da ruwan sha. Abu na biyu, ka tabbata tikiti ɗaya aka yanka maka daga Kano har Faris. Idan jirgin farko ya makara a kan tikiti ɗaya, nauyin kamfani ne ya sa ka a wani jirgin; idan kuwa tikiti biyu ne da aka saya daban-daban don neman rangwame, asarar taka ce kai kaɗai.

Abin da nake yaba wa jirgin sama, musamman ga sabon matafiyi, shi ne yadda yake ɗauke maka tunani. Da zarar ka miƙa akwatinka an ɗora a sikeli an liƙa masa lamba, ka rabu da shi ke nan sai ka isa. Daga nan layi ne yake miƙa ka ga layi, daga awon kaya zuwa jami'an shige da fice, daga bincike zuwa ƙofar jirgi, kuma a kowane mataki akwai ma'aikacin da zai duba takardarka ya nuna maka gaba. Da wuya mutum ya shiga jirgin da ba nasa ba, domin na'ura ba za ta karɓi katinsa ba. Abin da yake karɓa a madadin wannan kulawa shi ne lokacinka da sakewarka: zuwa filin jirgi awa 3 kafin tashi, cire bel da agogo, barin duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100, da ƙayyade akwati a kilo 23 a yawancin kamfanoni.

A nan zan ɗan ratse, domin abu ne da ya shafe mu mutanen Kano kai tsaye. Da zarar an ji za ka fita, za a fara kawo maka saƙonni, wannan ƙulli na ɗan wance, wancan leda ta ƙanin wane. Kada kunya ta sa ka ɗauki abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, domin duk abin da aka samu a akwatin da ke ɗauke da sunanka naka ne a gaban hukuma, kuma kai kaɗai ne, ba ka da mai shaidarka. Kilishi da dambun nama ma ka haƙura da su, ko da yayanka ya roƙa, domin dokar Tarayyar Turai ta hana fasinja shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu.

Ainihin zaɓin yana farawa ne bayan ka sauka, kuma tafiyar Faris zuwa Kolon misali ce mai kyau. Jirgin sama daga Faris zuwa yammacin Jamus bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna a sama ba, wanda kuwa ya dubi wannan kawai zai ce magana ta ƙare. To amma filin jirgin Charles de Gaulle yana da nisan kimanin kilomita 25 daga tsakiyar gari, sai ka fita ka same shi, ka isa da wuri, ka bi layin bincike, ka sauka ka jira akwati, sannan ka sake neman abin hawa zuwa cikin gari. Idan ka haɗa duka, rabin yini ya tafi. Jirgin ƙasa kuwa yana tashi ne daga tashar Gare du Nord da ke cikin birnin, ya ratsa Brussels da Liège da Aachen, ya ajiye ka a babbar tashar Kolon, dab da shahararriyar majami'ar nan ta tsakiyar gari, cikin kimanin awa 3 da rabi. Babu awon kaya, babu mai karɓe maka ruwan sha, wayarka tana aiki, kana iya miƙewa ka taka, kana kuma kallon ƙauyuka da gonaki suna wucewa. Faransa da Beljiyam da Jamus duk suna cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shiga, don haka bizar da ta shigar da kai ita ce za ta kai ka. Duk da haka fasfonka ya kasance a jikinka ba a cikin akwati ba, domin tun watan Satumba na 2024 Jamus ta dawo da bincike a iyakokinta na ƙasa, kuma 'yan sanda kan shiga tarago su nemi takardu. Idan aka zo kanka, ka miƙa cikin natsuwa, tare da takardar gayyatar kwas ɗinka da adireshin yayanka.

Ni dai a irin wannan tazara jirgin ƙasa nake zaɓa, amma ba zan ɓoye maka wahalarsa ba, domin duk ta fi faɗawa kan wanda yake shi kaɗai. A tashar jirgin ƙasa babu mai riƙe hannunka. A manyan tashoshin Faransa ba a nuna lambar layin da jirgi zai tsaya sai kamar minti 20 kafin tashi. Za ka ga jama'a tsaye cirko-cirko sun ɗaga kai suna kallon allo, lambar na fitowa sai kowa ya ja akwatinsa ya nufi wuri ɗaya, kai kuma ka bi su kana neman lambar taragonka a jikin jirgi mai tsawon gaske. Ana rufe shiga minti 2 kafin lokaci, ba kuma a kiran sunan wanda ya makara. Kai za ka ɗaga akwatinka ka hau da shi, ka ajiye shi a ma'ajin kaya da ke bakin ƙofar tarago, alhali kujerarka tana iya kasancewa can tsakiya, ta yadda duk tashar da aka tsaya sai ka waiwaya ka ga ko yana nan. Tun kafin a hau ma, idan fitsari ya kama ka a tasha, da kai da akwatunanka duka za ku shiga banɗaki, domin jakar da aka bari ba mai ita tana iya sa jami'an tsaro su killace wurin gaba ɗaya. A tashoshin kan hanya jirgi ba ya wuce minti 2 ko 3 a tsaye, ƙofa kuma sai ka danna maɓalli take buɗewa, don haka wanda ya jira jirgi ya tsaya sannan ya fara tattara kaya zai iya tsintar kansa a gari na gaba. Akwai ma jiragen da ake raba su biyu a hanya, gaba ya nufi wani gari baya ya nufi wani. Faris kuma tana da manyan tashoshi da yawa, kowacce da nahiyar da take kaiwa, sai ka karanta sunan tashar da ke tikitinka da kyau.

Duk waɗannan matsaloli tushensu ɗaya ne, wato kaya. Mai akwati ɗaya da jakar baya ba zai ji komai ba, mai manyan akwatuna biyu kuwa zai sha wuya a kan matakala da cikin cunkoso. Idan masaukinka na Faris zai yarda ka bar babban akwati ka dawo ka ɗauka, ka tafi Kolon da ƙaramar jaka.

Batun kuɗi ba shi da amsa ɗaya. Tikitin jirgin ƙasa mai gudu yana da sauƙi idan aka saya makonni kafin tafiya, yana kuma ninkawa idan rana ta matso, sannan galibi a intanet ake sayensa, don haka dalar da ka canza a Wapa ba za ta wadatar ba sai da katin banki mai aiki a waje. Kamfanonin jirgin sama masu araha kan sa farashin da zai ja hankalinka, amma kuɗin akwati daban ne, kuma sau da yawa filayensu suna nesa: Beauvais, wanda ake sayar da tikitinsa da sunan Faris, yana da nisan kimanin kilomita 85 daga birnin. Game da makara, kada ka ɗauka jiragen ƙasan Turai ba sa saɓa lokaci, domin a 2024 sama da kashi ɗaya cikin uku na jiragen dogon zango a Jamus sun makara, a Faransa kuma yajin aiki ba baƙon abu ba ne. Doka ta ba ka haƙƙi a ɓangarorin biyu. A jirgin ƙasa ana mayar maka da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti idan makarar ta kai awa 1, kashi 50 idan ta kai awa 2. A jirgin saman da ya tashi daga Tarayyar Turai kuwa diyyar tana kamawa daga yuro 250 zuwa 600 idan ka isa a makare da awa 3 ko fiye, matuƙar laifin na kamfani ne. Amma diyya ba ta dawo da jirgin da ya tafi, saboda haka kada ka haɗa doguwar tafiyar jirgin ƙasa da tashin jirginka na Saudiyya a rana ɗaya. Ka kwana a garin da za ka tashi.

Idan tazara ta yi nisa lissafin yana juyawa. Jirgin ƙasa daga Faris zuwa Berlin kai tsaye yana cin kimanin awa 8, jirgin sama kuwa bai kai awa 2 ba, kuma a nan ba na ganin dalilin da zai sa mai 'yan kwanaki ƙalilan ya ƙi hawa sama.

Landan kuma maganarta ta takarda ce kafin ta zama ta abin hawa. Jirgin Eurostar yana bi ta ramin ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 50 da aka buɗe a 1994, ya kai ka tashar St Pancras cikin awa 2 da kusan minti 20, kuma ya fi jirgin sama daɗi nesa ba kusa ba. Sai dai Birtaniya ba ta cikin Shengen, jami'anta kuma a Faris suke duba fasfo kafin a hau, don haka mai fasfon Najeriya da ba shi da bizar Birtaniya ba zai wuce shingen ba. Wannan biza tun daga gida ake nemanta. Idan ba ka da ita, ka cire Landan daga lissafi, kuma ka kula kada a yanka maka tikitin da zai yada zango a can ba tare da ka bincika sharuɗɗan wucewa ba.

A Saudiyya ma jirgin ƙasa nake ba ka shawara, bayan ka tabbatar bizarka ta Umara ta fito. Jirgin Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana haɗa Makka da Madina a kan layi mai tsawon kimanin kilomita 450, yana gudun kilomita 300 a awa, yana kuma da tasha a cikin filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda. Tafiyar Madina zuwa Makka kimanin awa 2 da rabi ce, alhali a mota sai an yi awa 4 zuwa 5. Makka ba ta da filin jirgin sama, don haka wanda ya hau sama daga Madina a Jidda zai sauka, ya sake neman mota. Wannan jirgi ya bambanta da na Turai ta fuskar kaya, domin babban akwati ɗaya ake yarda da shi, wanda bai wuce kilo 25 ba, tare da jakar hannu, kuma a lokacin azumi kujeru kan ƙare da wuri.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan zango shi ne harami. Idan daga Madina za ka nufi Makka, miƙatinka Zul Hulaifa ne, wanda ake kira Abyar Ali, kuma jirgin ba ya tsayawa a can. Ka yi wanka ka ɗaura haraminka tun a masauki, domin jim kaɗan bayan an bar tashar Madina ake wuce miƙatin. Idan kuwa daga Turai Jidda za ka sauka ka wuce Makka kai tsaye, a sama za ka ratsa miƙati, don haka haramin ya kasance a jakar hannunka ba a akwatin da ka miƙa ba, ka kuma ɗaura shi kafin a shiga jirgi na ƙarshe, domin banɗakin jirgin sama matsattse ne kuma layi yakan yi tsawo idan an kusa. Kafin ka bar Kano ka zauna da malaminka ya warware maka hukuncin niyya a cikin jirgi da na ƙasaru da haɗa salloli, saboda a hanya ba lallai ka sami wanda za ka tambaya ba.