Wutar eyabag ta ƙi mutuwa: cire kan batir, ɗan na'urar waya, ko a kai wa rewaya?

Salam 'yan uwa. Wani bawan Allah daga wajen Ringim ya yi tambaya jiya da daddare a gurup ɗin nan, ya ce Corolla 2005 gare shi, jar wutar eyabag ɗin nan mai hoton mutum a zaune da ƙwallo a gabansa ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa, shi kuma ba shi da halin kai ta kamfani, wai ya cire kan batir ne kamar yadda aka ce masa ko ya sayi ɗan na'urar nan da ake haɗawa da waya. Amsoshi sun yi yawa kowa da tasa, to bari in jera maka su gefe da gefe Malam.

Da farko dai idan ka murɗa ki wutar ta kama kamar sakan 6 ta mutu, lafiya ce, motar ce ke duba kanta. In ta zauna ko tana ƙiftawa to ƙaramin burenbos ɗin SRS, wato kwamfutar da ke kula da eyabag, ya ga matsala ya rubuta lambarta ya ajiye, kuma muddin tana kunne balan-balan ɗin, wato eyabag, zai iya ƙin fitowa ranar da Allah ya kawo tsautsayi, har da abin nan da ke fizge bel ya ɗaure mutum a kujera. Don haka kashe wutar daban, gyara daban.

Cire kan batir shi ne wanda kowa ya fi so saboda ba ko sisi. Amma lambar da burenbos ya ajiye ba ta gogewa don an ɗauke masa wuta, ko motar ta kwana ba batir da safe za ka tarar da abarka. Waɗanda suke rantsuwa cewa ya yi musu aiki yawanci batirinsu ne ya yi sanyi ko kan ya yi tsatsa, da suka goge suka ɗaure da kyau wuta ta dawo daidai sai fitilar ta mutu da kanta. Amfanin cire batir na gaskiya shi ne kariya kafin ka taɓa duk wata waya mai ruwan ɗorawa, wato ta eyabag. Ka kashe mota, ka cire kan nagetif, ka jira don akwai sauran wuta a cikin burenbos ɗin. Toyota sun ce sakan 90, Honda minti 3, ni dai na fi son mutum ya yi minti biyar ya sha shayinsa.

To daga ƙarƙashin kujera ma nake so ka fara, don mu nan ƙauye kujerar gaba ba ta hutawa, yau an tura ta gaba an cusa buhun gero, gobe an ja ta baya, an tura galan da jak da takalmi a ƙarƙashi. A ƙarƙashin kujerar akwai soket mai ruwan ɗorawa, ka leƙa da tocila bayan ka cire batir, za ka iya ganin ya ɗan zame ko ƙura ta cika bakinsa ko wayar ta maƙale a ƙarfen da kujera ke gudu a kai har ta ɗaye. Ka zare a hankali, ka hure, ka mayar har ka ji ya ce ƙas. Ka duba ko ɓera ya yi aikinsa in kana ajiye motar kusa da rumbu. Ka taɓa kafet ma, in da damina ka ratsa ruwa ko masu wanki sun kwarara ruwa ciki, burenbos ɗin a ƙasa yake tsakiyar mota wajen giya, danshi na kashe shi. Sannan ka danna hon, in hon ya daina ko sai ka juya sitiyari yake kamawa to kusan tabbas ribon ɗin cikin sitiyari mai kai wuta ga hon da balan-balan ne ya tsinke, wannan canzawa ake yi.

Ɗan na'urar waya kuwa, wanda ake rubuta ELM327 a jikinsa, ana cusa shi a soket mai ƙafa 16 da ke ƙasan sitiyari, duk motar da aka yi wa Amurka daga 1996 tana da shi. Yana da araha kuma yana da amfani in wutar inji ce ta kama. Matsalar ita ce yawancinsu da manhajar kyautar da ake saukewa burenbos ɗin inji kaɗai suke magana da shi, za ka danna ya ce maka babu matsala alhali ga jar wuta tana kallonka. In don eyabag za ka saya to ka riƙe kuɗinka.

Babbar sikana mai karanta SRS, irin su Launch da Autel da ake gani hannun rewaya, ita ce ke yin aikin da kamfani za su yi maka. Tana shiga ta ce ga lambar, yawanci da harafin B take farawa, ta ce matsalar a sitiyari take ko kujerar fasinja ko bakin bel, a gyara wurin sannan a goge. Ba sai ka saya ba, mai mota ɗaya bai da buƙata, ka bi ta Dutse ko Hadejia ka tambayi rewaya mai kwamfuta, in ba a dace ba ka shigo Kano, in kayan gyara ne ga Ƙofar Ruwa. Sai dai ka lura, akwai wanda zai goge kawai ya karɓi kuɗi, kafin ka kai Gezawa wuta ta dawo. In matsalar tana nan, da ka kashe ka sake tayarwa za ta kama, don haka ka gwada sau biyu uku a gabansa kana jijjiga kujera kana juya sitiyari.

Na ga wani ya kawo maganar haɗa wayoyin wuta da hannu don a goge lambar. Gaskiya ne a tsoffin Honda akwai ɗan soket mai ƙafa biyu a wajen akwatin fiyus da ake haɗawa ana cirewa a kan lokaci har wutar ta ƙifta sau biyu, amma wannan na Honda ne, kar ka ɗauka ka kai kan Corolla, kuma shi ma gogewa kawai yake yi. Wanda bai san soket ɗin ba ya bari. Haka nan kar a ɗora mita ko kwan gwaji kai tsaye a kan balan-balan, ɗan wutar da ke fita daga mitar na iya tayar da shi a fuskar mutum.

Sai na ƙarshe wanda ban so ma in sa shi a layi ba, wato a saka razista a madadin balan-balan don a yaudari burenbos, ko a cire kwan fitilar, ko a liƙe ta da baƙin tef ta ciki. Wannan rufe tukunya ne da wuta a ƙasa. Dillalai marasa tsoron Allah da shi suke sayar da motar da ta yi hatsari a waje, shi ya sa in za ka sayi Beljiyam ka murɗa ki ka zuba ido, in wutar ba ta kama ba sam to wataƙila an taɓa ta. Motar da balan-balan ya taɓa fashewa kuwa burenbos ɗinta yana kulle bayanin hatsarin, sikana ta yau da kullum ba ta goge shi, sai an canza shi ko a kai wa masu furogiramin.

Wani abu daban tunda 2005 ce, Corolla daga 2003 zuwa 2008 suna cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda balan-balan ɗin kamfanin Takata na gefen fasinja, wanda zafi da danshi ke lalata sinadarin cikinsa har ya fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Wannan ba ya kunna wutar dashbod ko kaɗan. In 'yar Amurka ce ka sa lambar shasi mai harafi da lamba 17 a shafin intanet na NHTSA, hukumar Amurka mai kula da kiyaye haɗurran mota, ka ga ko an canza.

Ni dai a wurina Malam, ka leƙa ƙarƙashin kujera yau tunda kyauta ne, in ba ta mutu ba ranar da za ka shigo gari ka kai wa mai babbar sikana. Ka ce ya nuna maka lambar kafin ya goge, ka ɗauki hoton sikirin ɗin ka turo nan gurup mu gani kafin ka biya kuɗin kowane kaya.