Gidan Jiragen Ƙasa Ko Gidan Atamfa: Zaɓin Ɗan Yamai A Mulhouse

Ɗan Yamai da karatu ko fatauci ya kai shi Mulhouse, birnin masana'antu na gabashin Faransa, kusa da iyakar Jamus, yana da gidajen tarihi biyu da suka cancanci wuninsa.

Na farko shi ne Cité du Train, wanda aka kafa a 1971, inda aka jera kawunan jirgi masu aiki da gawayi, ciki har da wani na 1844, da taragun da shugabannin ƙasa suka hau. Ga mutumin da ya ga an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Dosso amma bai taɓa sayen tikitinsa ba, wannan kallo yana da ɗan ɗaci, ko da yake zai fahimci yadda tururi ke juya ƙafafun ƙarfe.

Na biyu gidan buga zane a kan yadi ne, sana'ar da ta ɗaga birnin tun 1746. Ya fi ƙanƙanta, amma wanda ya saba zaɓen atamfa a Babbar Kasuwa zai gane abin da yake gani ba tare da tafinta ba.

Ni dai jirgin zan zaɓa, domin yadi muna da shi a gida.