Karfasa ko titus a farfesun kifi irin na Jamaika? Ga amsata

'Yar uwa da kika tambaya tsakanin ɗanyen karfasa da titus na ƙanƙara wanne za ki saya don farfesun kifin nan na 'yan Jamaika, ki sayi karfasa kawai. Na ga wasu a ƙasan tambayarki suna cewa ai kifi kifi ne duk wanda kika samu ki zuba, gaskiya ban yarda ba, don ni dai na gwada duka biyun kuma ɗaya sai da ya sa ni na yi da-na-sani har da asarar doya.

Su can fish tea suke ce masa, wato shayin kifi, kuma sunan ma kaɗai ya isa ya gaya miki irin kifin da yake so. Ba ganyen shayi a ciki, abin da ya sa suka kira shi haka romo ne tsararo marar kauri, a kofi ake zuba shi a dinga kurɓa da zafinsa, a bakin teku kamar Hellshire kusa da Kingston za ki ga ana sayar da shi a kofi. To kin ga abin da ruwansa ne gaba ɗaya darajarsa, duk abin da kifin ya saki a tukunya shi za ki sha, babu tumatir babu manja da za su rufa masa asiri. Su ƙananan kifayen teku masu farin nama suke sakawa, da kai da ƙashi da komai, saboda daɗin romon daga kan yake fitowa. A nan wajenmu wanda ya fi kusa da su shi ne karfasa, kuma ba wai dabara ce tawa ba, har a Jamaikan ma ana kiwon karfasa a tafki ana ci.

Ni a Birmingham na fara shan sa, lokacin da maigida yake karatu a Ingila. Akwai wata dattijuwa 'yar Jamaika a ƙasan benenmu, Allah sarki, mura ta kama ni a hunturun farko da na yi a can, irin murar nan da ko ƙamshin turare ba kya ji, ta ji ina ta tari a matattakala sai ga ta da yamma da ƙaramar tukunya a naɗe da tawul. Da farko har na yi ɗari-ɗari na tambaye ta me ke ciki, ta yi dariya ta ce kifi ne da doya babu abin da addininki ya hana. Wallahi kurɓa uku na yi hancina ya buɗe, gumi ya keto min, ga ƙamshin attaruhu ya cika baki amma ba irin yajin da zai sa ki hawaye ba. Da na tona ƙasan kofin sai ga doya da kuɓewa, na ce mata Mama ai wannan abincin gidanmu ne, ta ce to daga ina kike zaton muka taho da shi? Kuma gaskiyarta, kakanninsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su zamanin cinikin bayi, doya da kuɓewa duk ta wannan hanyar suka isa can. Har yanzu ba su wasa da doya, yankin Trelawny da Usain Bolt ya fito ya yi suna da doya mai ruwan ɗorawa, da ya lashe tsere a Beijing a 2008 babansa cewa ya yi doyar ce sirrin.

Da muka dawo Kano na daɗe ban yi ba, sai wata rana muna dawowa daga Jos muka tsaya wajen masu kifi ta ɓangaren Tiga, na ga karfasa a faranti wasu ma bakinsu na motsi, na sayi guda shida madaidaita. A daren na ɗora. Surukata tana gidan lokacin, mace ce da ba ta yarda da abincin da ta kira na 'yan boko, ta leƙa tukunya ta ga ayaba ɗanya a cikin romo ta taɓe baki ta ce ikon Allah, yau kuma ayaba ake dafawa. Na zuba mata kaɗan don kar a ce na hana. Ba ta ce komai ba, sai dai na ga ta miƙo kofin a karo na biyu tana kallon wani wajen, da asuba kuma ita ta fara tambaya ko akwai saura. Tun daga ranar in ta zo sai ta ce a yi mata wannan ruwan kifin na mutanen Ingila, na gaji da gyara mata cewa ba na Ingila ba ne na ƙyale ta.

Titus kuma, hmm. Rabin katan na taɓa saya saboda an ce min ya fi araha kuma ba ƙaya, na ce shikenan na huta da tsince-tsince. Romon ya fito toka-toka, mai ya taso ya kwanta a sama, ƙarni ya kama doya da ayaba har lemun tsami ya kasa kashe shi, kwana biyu kicin ɗina yana wari. Kifi ne mai maiƙo sosai, ga baƙin naman nan na gefensa, kuma daga ƙasashe irin su Norway ake kawo shi, ya yi watanni a ƙanƙara kafin ya iso hannunki, man jikinsa shi ke fara canza wari. A soya shi ko a jefa a miyar tumatir ba laifi, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Su kansu 'yan Jamaika da ɗan'uwansa mai gishiri wani abincin daban suke yi, wanda ake dafawa da madarar kwakwa har ta yi kauri, ba shayin kifi ba.

Kar ki ce ban faɗa miki aibin karfasa ba, ƙaya ce da shi, kuma in akwai yara a gidan dole ki zauna ki tsince da hannu, ba aikin gaggawa ba ne. Amma yadda ake dafa shi ya rage wahalar. Ga yadda dattijuwar ta nuna min, kuma har yau ban canza komai ba sai abin da babu shi a kasuwarmu. Karfasa uku madaidaita, kamar kilo 1, ya ishi mutum shida. A kankare ɓawon, a fasa ciki a hankali kar matsarmama ta fashe don in ta fashe ɗaci ya gama da ke, sannan baƙar fatar nan da ke shimfiɗe a cikin cikinsa ki kankare ta tas da cokali. Ki wanke da lemun tsami da gishiri. Kar ki yar da kan, don Allah kar ki bari mai gyaran kifi ya ce zai cire miki.

Ki zuba ruwa kamar lita 2 da rabi a tukunya da albasa, tafarnuwa uku a daddaƙe, tayim, da kifin gaba ɗayansa. In ya tafaso ki rage wuta, minti 15 zuwa 20 ya isa, kumfar da ke tasowa ki dinga kwashewa da ludayi. Sai ki tsame kifin a faranti, ki tace romon da rariya mai ƙananan ido, ki mayar da shi wuta. Yanzu ne za ki zuba doya yanka biyu a yayyanka ƙanana, ayaba ɗanya shar guda uku, kabewa kaɗan, karas biyu, dankalin turawa in kina so. Ayabar ta ci ce wadda ba ta nuna ba, in ba ki samu ba ɗanyar agada ma ta yi sai dai ta fi tauri ki riga saka ta. Kafin ki ɓare ki shafa man gyaɗa a hannu da wuƙa, ƙaron jikinta in ya kama zani ba ya fita, ina da atamfa guda da ta zama ta aikin gida saboda haka. Kabewar ki bar ta ta narke, ita ke ba romon ɗan launi da ɗan jiki ba tare da ya zama miya ba.

Suna dahuwa ke kuma kina gefe kina zare ƙaya daga naman. Akwai kuma 'yan curin fulawa da suke sakawa, fulawa kofi ɗaya da gishiri da ruwa kaɗan a kwaɓa da tauri, ki gutsura ki murza a tafin hannu ya yi siriri kamar ɗan yatsa ki jefa. Ki ɗauka ɗanwake ne marar kuka da kanwa, dogo. Yarana su suke fara kamowa.

Maganar attaruhu ita ce inda yawancinmu ke kuskure, don mun saba jajjage. Wanda suke kira Scotch bonnet da attaruhunmu jinsi ɗaya ne, ba sai kin nemi wani na waje ba. Amma guda ake jefa shi, da hancinsa, ba yanka ba huji, ya yi ta yawo a saman romo yana sakin ƙamshi, kamar minti 10 sai ki tsame kafin ya fashe. Ki zaɓi kore ko wanda ya fara rawaya mai tauri, nunanne luguf saurin fashewa yake. Sau ɗaya na yi sakaci ina waya na juya da ƙarfi ya tarwatse a ciki, maigida ya sha yana share hawaye yana cewa ba komai, yaran kuwa shayi da burodi suka kwana da shi. Mai son yaji sosai a murƙushe masa dafaffen a kofinsa shi kaɗai.

Abu ɗaya da ke wahalar samu shi ne fimento, 'yan ƙwayoyi ne kamar masoro amma sun fi girma, ƙamshinsu kamar an haɗa kanumfari da kirfa wuri guda, kuma Jamaika ta yi suna da shi. Manyan kantuna wani lokacin suna da shi, ƙwaya 6 zuwa 8 sun isa. In babu ki saka kanumfari biyu da ɗan ɓallin kirfa da masoro kaɗan, biyu na ce, kanumfari in ya yi yawa romon ya koma maganin haƙori. Kuɓewa guda shida a ƙarshe, kar ki yanka ta ƙanana don ba yauƙi ake nema ba, ki cire kan kawai. Sai lawashi, dunƙule ɗaya in kina so, ki mayar da naman kifin ya yi minti 3, ki sauke ki matsa lemun tsami. Kar ki saka kori, kar ki saka daddawa, na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi amma ki daure.

Tarwaɗa da wata ta ambata, a bar ta a farfesunmu na gida, santsinta da kitsenta sun yi wa wannan yawa. In kuma Allah Ya haɗa ki da kan giwan ruwa, to ki manta da duk abin da na faɗa ki ɗauke shi, ya fi karfasa ma.

Ba ki tambaya ba amma bari in ja kunnenki kan masu kifi, don na sha a hannunsu. Akwai masu sayo karfasan ƙanƙara na katan su narkar da shi su yayyafa ruwa su jera a faranti su ce yanzu aka fito da shi daga dam. Ki duba idon, na ɗanye a bulluƙe yake garau, na kwana ya faɗa ciki ya yi hazo. Ki ɗaga murfin gefen kansa ki leƙa, ja ya kamata ki gani, in ya koma ruwan ƙasa ko yana yauƙi ki ajiye. Ki danna jikin da yatsa, in ramin ya zauna bai taso ba ki wuce. Kuma in kin zaɓa kar ki bari a shiga da shi baya wai za a gyara miki, a gabanki za a gyara, ni an taɓa musanya min uku a cikin biyar, sai da na zo gida na kwance leda wari ya buge ni. Kifin da kika ga an tara da yawa manya da 'yan mitsi-mitsi duk sun yi laushi cikinsu ya kumbura, ana ta karya miki farashi, shi ma ki guje shi, akwai marasa tsoron Allah da ke zuba maganin ƙwari a ruwa su kwashi abin da ya taso.

Na ƙanƙarar ma in za ki saya don suya ki lura, wanda aka ɗauke wuta ya narke aka sake daskarar da shi za ki ga ƙanƙara ja-ja da jini a gindin katan kuma kifin ya lanƙwashe ya manne da juna. Titus musamman in ya sha zafi haka yana tara wani sinadari da dahuwa ba ta kashe shi, shi ne za ki ga mutum ya ci kifi fuska ta yi ja, jiki na ƙaiƙayi, kai na sarawa, a ce wai kifi ne bai karɓe shi ba. Sannan in a sikeli ne ki sa a karkaɗe ƙanƙarar kafin a auna.

Ki je kasuwa da safe kafin rana ta buɗe, ki ɗauki madaidaita ba manya ba, ƙananan sun fi zaƙin romo kuma sun fi sauƙin kuɗi. In za ki ajiye saura zuwa gobe ki tsame ayabar daban, kwana a cikin romo yana sa ta baƙi.