Ƙwallon Sherrin KB: aikin fata mai kyau, amma tana son kulawa

A wasan ƙwallon ƙafa irin na Ostireliya, idan aka ce Sherrin to ƙwallon ake nufi. Thomas Sherrin ne ya fara ɗinka ta a unguwar Collingwood da ke Melbourne a 1880, kuma har yau da ita ake buga gasar AFL, babbar gasar wasan a Ostireliya. Samfurin KB shi ne na gasa. Haruffan suna nufin tambarin kangaru, sai dai fatar ta saniya ce.

Fallen fata huɗu ake haɗawa a ɗinke, a saka robar iska a ciki, a ɗaure bakin da igiya. Wajen girma, manyan maza lamba 5 suke bugawa, gasar mata lamba 4. Ja ta rana ce, rawaya ta dare saboda ta fi fitowa ƙarƙashin fitilu. Dokar wasan ta tsayar da kewayenta ta tsawo a milimita 720 zuwa 730, ta tsakiya kuma 545 zuwa 555.

Inda kuɗinta ya halatta shi ne bakunanta biyu. Ba su da tsini irin na ƙwallon Amurka, a dunƙule suke, shi ya sa ta dace da bugun da ake sakin ta a tsaye a doki ƙasanta kafin ta taɓa ƙasa, ta tafi tana juyawa da baya. Jack Dyer na ƙungiyar Richmond ake yawan jinginawa yaɗuwar wannan bugu. Ya buga wasa sama da 300 daga 1931 zuwa 1949, kuma a 1943 ya ɗauki kofi yana kyaftin yana koci a lokaci guda. Mai koyon bugun ya riƙe ta igiyar na kallon inda yake so ta je, yatsu a baje a gefe biyu, ya raka ta ƙasa da hannu ɗaya na ɓangaren ƙafar da zai buga. KB tana fallasa kuskure nan take: in ta karkata wajen saki, za ka ga tana tangaɗi a iska. Ta roba mai araha takan ɓoye wannan, ɗan wasa ya girma da mugun hannu bai sani ba. Haka wajen dungura ta a ƙasa, wanda doka ta wajabta duk mita 15 ga mai gudu da ita, mai kyawun siffa tana dawowa hannu daidai.

Yawancin ɓarnar a ranar farko ake yin ta. A jiƙa allurar famfo kafin a soka, a shigar da ita a miƙe, domin busasshiyar allura tana yaga bakin robar, daga nan sai sacewar iska ba ƙaƙƙautawa. Kada a cika ta tashi ɗaya. A ba ta rabin iska, a bar fatar ta saki, sannan a kai ta wajen kilofaskal 69, wato kusan awo 10 a ma'aunin famfo. Wanda ya buga mata iska da na'urar tayar mota zai buɗe ɗinkin, ƙwallon ta kumbura a tsakiya, kuma ba ta komawa.

Sabuwa tana da tauri da santsi, tana cin ƙafa, sai an yi kwanaki ana bugawa take laushi. Aibinta babba ruwa ne. A jiƙaƙƙen fili tana sha ta yi nauyi, ta riƙa zillewa a hannu. In ta jiƙe a goge lakar da tsumma, a shanya a inuwa. Rana mai zafi ko kusa da wuta tana busar da fatar har ta tsattsage, abin da kowane baduku ya sani. A riƙa shafa mata ɗan man fata kaɗan, ba mai yawa ba don kada ta yi maiƙo. Kwalta da siminti kuwa suna kankare ta cikin yini guda.

Tana da tsada, ta ninka ta roba sau da dama. Ga ƙungiya mai filin ciyawa ko matashin da ya ɗauki wasan da gaske, ta cancanci kuɗin. Yara masu wasa a titi a saya musu ta roba daga kamfanin Sherrin, ƙaramar lamba daidai tafin hannunsu.