Rage tuwo ko daina shi: abin dubawa kafin a canza cefanen gida

Wanda aka ce masa a asibiti yana da ciwon suga, ko teɓa ta dame shi, kafin ya iso gida ya ji shawara iri uku. Wani ya ce ya bar tuwo da shinkafa kwata-kwata ya koma nama da ƙwai, wani ya ce ya auno alkama ko acca, wani kuma ya ce rabin malmala ya wadatar. Kuɗin ukun nan ba ɗaya ba ne, abin da suke yi wa jiki idan aka shekara a kansu ma ya bambanta.

Da farko a san ma'aunin. Garin dawa, gero ko masara giram 100, wato kusan cikin ƙaramin gwangwanin madara, yana ɗauke da sitaci giram 70 zuwa 75. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da wajen 28, dafaffen wake wajen 20, gyaɗa 16, kabewa da kuɓewa 6 zuwa 7, ƙwai ɗaya bai kai ko giram 1 ba. Kwalbar lemo mai senti-lita 35 tana da suga sama da giram 35. Manomin da ya karya da koko da ƙosai, ya sha fura da rana, ya ci malmala biyu da dare, ya haura giram 300 ba tare da ya taɓa lemo ba. Masana suna kiran abinci mai ƙarancin sitaci idan bai kai giram 130 a yini ba. Tsarin da ake ce wa kito shi ne mai tsanani, giram 20 zuwa 50 kawai.

A fara da kito ɗin, tunda shi ake yayi a waya. A giram 50, rabin malmala da ludayin wake sun cinye kason yini guda. Abin da ya rage sai nama, kifi, ƙwai, awara, mai da ganye. A makon farko sikeli yana sauka da sauri, amma mafi yawan abin da ya fita ruwa ne: hanta da tsoka suna ajiye suga tare da ruwa, kowane giram ɗaya da ruwa kusan giram 3, to idan ajiyar ta ƙare sai ruwan ya bi fitsari ya ja gishiri. Daga nan ciwon kai, jiri, kasala da ɗaurewar jijiyar ƙafa suke zuwa. Mai zaman ofis zai iya jurewa. Mai huɗa ko noman rani a zafin Afrilu, lokacin da Kano da Jigawa ke haura digiri 40, yana iya yanke jiki ya faɗi. Bayan watanni kuma sai taurin bayan gida saboda rashin harza, wato dusa da zare-zaren kayan tsiro da ke sauƙaƙa bayan gida, wasu kitsen jininsu marar kyau ya hau idan sun dogara da kitse da man shanu, wasu kuma tsakuwar ƙoda ta same su.

Ribar da ake samu bayan shekara ba ta kai yadda ake kururutawa ba. A wani gwaji na Jami'ar Stanford a Amurka da aka fitar a 2018, an raba mutum 609 gida biyu, masu rage sitaci da masu rage maiƙo. Bayan wata 12 kowane ɓangare ya rage kilo 5 zuwa 6. A shekarar dai, mujallar Lancet Public Health ta buga sakamakon bin mutum sama da 15,000 na tsawon shekara 25: waɗanda sitaci ya kai kashi 50 zuwa 55 cikin 100 na ƙarfin abincinsu su ne mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu. Masu rage sitaci su cike gurbin da nama da kitse haɗarinsu ya ƙaru, masu cike shi da kayan tsiro irin su gyaɗa da ganye kuwa nasu ya ragu. Wannan bin sawu ne, ba ya tabbatar da dalili, amma ya nuna cewa abin da aka sa a madadin tuwon yana da nauyi ƙwarai.

Batun alkama da acca gajere ne. Sitacinsu daidai yake da na dawa, giram 70 da ɗoriya. Wanda ya sayar da dawar rumbunsa ya sayo alkama ya tuƙa malmala uku ya kashe kuɗi ne kawai. Dawa ko geron da ba a surfe ba, aka niƙa da dusarsa, ya fi garin kanti mai laushi. Haka zuma: cokali ɗaya babba giram 17 ne na suga.

Hanya ta uku ita ce a tsaya tsakanin giram 100 zuwa 130 ga mai suga ko ƙiba, ita ce kuma gidan karkara zai iya riƙewa har shekara ta zagayo. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannu da dare, miyar kuka, kuɓewa, lalo ko taushe a cika kwano. Da safe ƙosai, alala ko ƙwai biyu, shayi babu suga. Da rana kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, ko wake da alayyafo. Idan shinkafa da wake ne, a juya awon: wake biyu, shinkafa ɗaya. Fura a rage ta zuwa rabin dunƙule, nono ya fi yawa, kada a zuba suga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu harza giram 25 da ganye da 'ya'yan itace giram 400 a yini, wannan tsarin yana kusantar hakan, kito kuwa da wuya.

A kasuwa, wake ne ginshiƙi. A saye shi da kaka, a adana a buhu mai leda biyu a ciki ko jarka mai murfi da iska ba ta shiga, a guji wanda yake warin maganin ƙwari. Waken suya ya fi kowa arha idan ana neman abin gina jiki, awararsa kuma sitacinta giram 2 zuwa 3 ne a kowane giram 100, sai dai ta bakin hanya ta sha mai, gara a yi a gida a sa a miya. Ɗanwake yana ruɗin mutane: yawancin na sayarwa fulawa da garin rogo sun rinjayi waken. Gurjiya ma sitacinta da yawa, a lissafa ta cikin kason tuwo.

Gyaɗa tana son ido. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta motse, ko take ɗaci a zubar, domin fumfunar da ke kama ta tana fitar da guba mai illa ga hanta, suya kuma ba ta kashe ta. Ƙuli-ƙulin da ba a san wadda ta yi shi ba, ba a san irin gyaɗar da ta shiga ba. Cikin tafin hannu ɗaya a yini ya isa, tunda rabin gyaɗa mai ne. Riɗi, wanda Jigawa ke nomawa sosai, haka hukuncinsa yake, amma ba kantun da aka haɗa da suga ba. Bandar tarwaɗa ta yankin Haɗeja tana daɗewa babu firji. A karya a duba cikinta ko da tsutsa ko gari-gari. Ƙwan zabi yana araha da damina. Tsire da kilishi na marmari ne, gishiri da dunƙulen ɗanɗano sun yi musu yawa, alhali gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali guda. Zogale, rama da kuɓewa a shanya su a inuwa tun da kaka, don da bazara ganye yake tsada.

Akwai waɗanda ba za su fara ba sai da likita. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide idan ya rage tuwo bai rage magani ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji: gumi, rawar jiki, ruɗewa, har suma. Ya riƙa yawo da ƙwayar suga uku ko huɗu a aljihu, kuma kuɗin na'urar da tsinkayenta su shiga lissafin cefane. Mai shan maganin suga na empagliflozin ko dapagliflozin kada ya kusanci kito, jininsa na iya yin tsami ko da suga bai hau ba. Mai juna biyu, mai shayarwa da yara rage sitaci ba nasu ba ne, kada a canza tukunyar gida gaba ɗaya saboda mai gida. Mai maganin hawan jini mai sa fitsari a sake auna masa hawan jinin bayan mako biyu. A yankin Haɗeja, inda aka daɗe ana kukan ciwon ƙoda, a yi gwajin ƙoda a babban asibiti kafin a ƙara nama da kifi, a haɗa da na kitsen jini, a maimaita bayan wata uku zuwa shida. Wanda zai fara kuma kada ya fara a makon farko na azumi.